Malam, Kakan Sarakunan Damagaram: Daga Kulumfardo Zuwa Birnin Zinder

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ɗaukaka wanda ya so, yake kuma ajiye albarka inda ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wanda ya je Damagaram ranar Salla, ya tsaya ƙofar fada ya ga hawa, ya ji algaita da kakaki da tambura, ya ga dogarai sun jeru, zai ɗauka cewa da takobi aka kafa wannan gida. To amma idan aka bi salsalar sarakunan baya-baya, aka wuce Amadu Kuran Daga, aka wuce Tanimun mai ganuwa da igwa, aka wuce Sulaiman wanda ya kawo sarauta Zinder, za a tsaya ne a kan wani bawan Allah da ba shi da kirarin yaƙi. Malam ake ce masa. Wasu jerin sarakuna suna kawo sunansa Malam Yunus, amma a bakin mutanen ƙasar laƙabin karatu ne ya rinjayi sunan yanka. Wannan shi ne tarihinsa, da na gidan da ya fito, da na zuriyar da ya bari.

Ƙasar da ya fito

Malam mutumin Barno ne, Babarbare. Riwayar da aka karɓa daga dattawan ƙasar, wadda tawagar Faransa mai shata iyaka ta rubuta a wajen 1907, ta kira mahaifinsa Maina Kade. Kalmar Maina a harshen Barebari laƙabi ne na ’ya’yan sarauta. Daga baya masanin tarihi Andre Salifu, wanda shi ma haifaffen Zinder ne, ya sake bin riwayoyin wannan gida a littafinsa na tarihin Damagaram da ya fito a 1971.

Barno ta wancan zamani ƙasar Alƙur’ani ce. Tun da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, almajirai suke zuwa can daga ƙasar Hausa da wasu ƙasashe don hadda da gyaran tilawa da koyon rubutu. Sarakunan Barno suna da wata al’ada ta girmama malamai: sukan rubuta wa malami takarda da ake kira maharam, wadda take ’yantar da shi da iyalinsa da almajiransa daga haraji da fita yaƙi. Da wannan takarda malami yakan tafi gefen ƙasa ya sari daji, ya haƙa rijiya, ya kafa tsangaya, mutane su taru a kansa. Garuruwa da yawa na ƙasar Barno ta haka suka samu.

Kulumfardo, garin masu zikiri

Mafi shahara a cikin irin waɗannan garuruwa shi ne Kulumfardo, wanda wasu littattafai suke rubutawa Kalumbardo, a gefen arewacin Barno, inda ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar makiyaya. Riwayar Damagaram tana danganta gidan Malam da wannan gari, saboda haka ba za a fahimci Malam ba sai an san Kulumfardo.

Sau biyu aka raya garin. Karo na farko wasu shehunai biyu ne suka zauna a wurin, Shehu Waldede Bafillace da Shehu Wali ɗan Jarmi Ba’abzine. Jama’arsu ta yawaita har abin ya tsorata masu mulki, aka kashe ɗan Jarmi, Waldede kuma ya yi hijira zuwa Bagarmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci labarinsu a cikin Infaƙul Maisuri.

Karo na biyu Shehu Abdullahi al-Barnawi, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya sake raya wurin a zamanin Mai Ali ɗan Alhaji Umar. A hannunsa Kulumfardo ta zama zawiya babba, wurin karatu da tarbiyya da zuhudu. An ruwaito cewa muridansa sukan watsu cikin daji bayan wuridin safe, kowa ya keɓe shi kaɗai da Ubangijinsa, ba su damu da zafi ko sanyi ba, sai lokacin salla ya tara su. Labarin Shehun ya tsallake Sahara ta hanyar almajirinsa Shehu Ahmad al-Yamani, mutumin ƙasar Nilu, wanda ya zauna a wurinsa sannan ya zarce zuwa birnin Fas, inda ya yi ta ba da labarin malaminsa har malaman Maroko suka shigar da shi cikin littattafansu na tarihin salihan bayi.

A shekarar 1088 ta Hijira, daidai da 1677, wani ɓangare na Abzinawa da ake kira Imakitan suka auka wa garin. Shehu Abdullahi ya yi shahada tare da wasu daga cikin almajiransa, sauran jama’a suka watse. Ɗansa Shehu Umar ya ja wani ɓangare zuwa ƙasar Nupe, daga baya suka komo Barno suka zauna a Gaskeru. Wasu kuma suka nufi yamma. Daga cikin gidajen da suka yi yamma ne riwaya take fitar da Malam.

A idon mai kallon zahiri, ranar nan Kulumfardo ta ƙare: an kashe shehu, an tarwatsa halƙa, wutar tsangaya ta mutu. Amma zawiya ba bukkoki ba ce. Abin da aka zuba a ƙirjin muridi yana tafiya da shi duk inda ya sa ƙafa, kamar yadda iska take ɗaukar iri daga gonar da aka tattake ta kai shi wata ƙasa.

Saukarsa a bakin iyaka

Ƙasar da Malam ya sauka ba birni ba ce. Yanki ne na duwatsu da tuddan rairayi da fadamu, a can ƙarshen yammacin ikon Barno. A kudu da yamma akwai ƙasashen Hausa, wato Daura da Kano da Katsina. A arewa akwai Damargu, bayanta kuma Abzin. A kusa akwai ƙananan sarautun Sosebaki, irin su Mirriya da Dungas da Waca, masu biyayya ga Barno. Mazauna wurin manoma ne da mafarauta, Dagirawa masu jin Barbarci da Hausawa, a ƙananan ƙauyuka da suke nesa da juna. Hannun Mai bai cika isa can da kariya ba, mahara kuwa suna isa.

Ƙauyen da aka danganta saukarsa da shi ana kiransa Damagaram, kuma daga wannan ƙauye ne ƙasar duka ta sami suna. Garin yana nan har yau a gabas maso arewa da Zinder, ana ce masa Damagaram ta Ƙaya, sunan da yake tuna wa mai ji shingen ƙaya, wanda shi ne ganuwar talaka a bakin daji. Ana kuma ambaton Geza a cikin wuraren da ya zauna. Jerin sarakuna suna fara lissafi da shi, wasu daga 1731, wasu daga 1736.

Sanannen abu ne yadda malamin Barno yake zama a baƙon wuri. Ba ya zuwa da runduna. Kayansa Alƙur’ani a cikin gafaka, da allo, da tawada, da buzu, da carbi, da ’yan almajirai. Da rana a yi noma, da dare da asuba a hura wuta a kewaye ta da alluna. Sannu a hankali mutanen wurin sukan fara kawo masa ’ya’yansu. Wanda aka yi wa haihuwa ya zo a raɗa suna, masu ɗaurin aure su zo, masu gawa su zo, masu rigimar gona ko rijiya su zo a sasanta su, wanda tsoro ya kama ya zo neman addu’a. A ƙasar da babu alƙali kusa, babu kuma sarki mai ƙarfi, mutumin da kowa ya yarda da amanarsa shi yake zama madogara. Ta wannan ƙofa shugabanci ya shigo gidan Malam: an fara amincewa da shi a matsayin malami, sannan aka miƙa masa jagoranci, ƙarƙashin inuwar Barno.

Abin lura a nan shi ne, ba a riƙe wa Malam tarihin wani gari da ya ci da yaƙi ba, ba a kuma riƙe masa kirarin jarumtaka ba. Abin da aka riƙe shi ne malami ne mai tsoron Allah wanda ya zo daga gabas. Ya rasu a cikin shekarun 1740, Allah ya jiƙansa, ya bar wa ’ya’yansa shugabancin ’yan ƙauyuka da suna mai kyau.

’Ya’ya da jikoki kafin Zinder

Bayan Malam ɗansa Baba ya gaje shi. Bayan Baba sai Tanimun Babami. Shi kansa wannan suna hujja ce ta nasaba, domin a Barbarci idan aka liƙa “mi” a ƙarshen suna ana nufin ɗan wane, saboda haka Babami shi ne ɗan Baba. Wannan Tanimun na farko ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 18, kuma ’ya’yansa sun yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, daga cikinsu akwai Asafa da Abaza da Dauda da Amadu.

Shekaru kusan tamanin gidan bai sami mazauni tabbatacce ba. Ana tashi daga wannan ƙauye a koma wancan, Geza da Gafati na cikin wuraren da aka zauna, saboda hare-hare da neman wurin da ya fi tsaro. Sarautar a lokacin ba ta wuce ta manyan dagatai ba, kuma gaisuwa tana tafiya Barno. Wanda ya ga gidan a wancan hali ba zai yi zaton wata rana Kano za ta yi shirin tare mayaƙansa ba.

Farkon ƙarni na 19 ya zo da girgiza a ko’ina. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, Katsina da Daura da Kano suka shiga hannun masu tuta, Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, sannan Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi ya tsaya wa Barno ya kafa Kukawa a 1814. Damagaram ta zauna a ɓangaren Barno, kuma ta zama mafakar waɗanda yaƙi ya kora. Ɗan Kasawa na gidan sarautar Katsina ya fake a ƙasar kafin ya wuce Maraɗi. Gidan da asalinsa ’yan gudun hijira ne, sai ga shi yana sauke ’yan gudun hijira.

Zinder, da zamanin ƙarfi

Sulaiman ɗan Tintuma, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822, shi ya mayar da mazaunin gidan Zinder, wanda a lokacin ƙaramin gari ne a tsakanin manyan duwatsu. Daga nan sunan Damagaram ya bi sarauta ya sauka a kan birnin, har yau Bahaushe idan ya ce zai tafi Damagaram, Zinder yake nufi.

’Ya’yan Sulaiman biyu, Ibrahim da Tanimun, sun yi ta jayayya a kan gadon, Barno tana shiga tsakani. A ƙarshe Tanimun ya tabbata, ya yi mulki daga farkon shekarun 1850 har zuwa rasuwarsa a 1884. A zamaninsa ne Damagaram ta kai ƙololuwa. Ya kewaye Birni da ganuwa a wajen 1856, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ya shigar da ƙasashen maƙwabta ƙarƙashinsa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas da Gat suna sauka Zinder ta hanyar Agadas kafin su wuce Kano ko Kukawa. Unguwar Zango, a wajen ganuwa, ita ce masaukin fatake da Abzinawa.

A nan akwai abin mamaki cikin hukuncin Allah. Harin wasu Abzinawa ne ya watsa Kulumfardo, sannan raƙuman wasu Abzinawa, musamman Kel Ewe, su suka ɗauko arzikin da ya gina birnin jikokin Malam. Kuma ɗaya daga cikin shehunan farko na Kulumfardo shi kansa Ba’abzine ne. Wanda ya riƙe gaba da ƙabila guda saboda laifin wasu daga cikinta, bai karanta tarihi da kyau ba.

Sai dai gaskiya ba ta ƙarewa a ganuwa da kasuwa. Ƙarfin nan an gina wani sashe nasa a kan hare-haren kama bayi da hukunci mai tsanani, kuma matafiyan da suka sauka Zinder a tsakiyar ƙarnin sun rubuta abin da suka gani na wannan. Gidan da kakansa ya tsira daga hari ya wayi gari yana kai hari. Faɗin haka ba cin mutuncin magabata ba ne, Allah ya gafarta musu. Izina ce ga na baya, domin duniya idan ta buɗe wa gida, takan shigo da abin da allo bai koyar ba.

Duk da haka gadon karatu bai yanke ba. Birni ya cika da malamai da alƙalai da makarantun allo, fada tana da limamai da masu rubuta wasiƙu da Larabci. Harshen gidan ya koma Hausa, amma sarautu irin su Ciroma da Kaigama da Shettima suka ci gaba da shaida cewa tushen daga Barno yake.

Jarrabawa

Bayan Tanimun, Sulaiman ɗan A’isa ya riƙe sarauta har 1893, shekarar da Rabe ya ci Kukawa. Sai Amadu ɗan Tanimun, wanda ake wa laƙabi da Kuran Daga, ya hau. Ya gwabza da Kano a zamanin Sarki Alu, har mayaƙansa suka kai Gezawa. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a Zinder. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli na 1899, sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga birnin. A watan Satumba aka cim ma Sarki Amadu a Rumji aka kashe shi. Ganuwa da igwa ba su hana abin da Allah ya ƙaddara ba.

Faransawa suka naɗa ɗan’uwansa Amadu ɗan Basa, sannan a 1906 suka tuɓe shi bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi ƙasar Kodebuwa, suka damƙa riƙon gari ga Ballama, bawan fada. Shekara goma sha bakwai babu jinin Malam a kan karaga, sai a 1923 aka mayar da sarauta gidan, aka naɗa Barma Mustafa. Zinder ta zama hedkwatar mulkin mallaka na ƙasar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Sarautar kuwa tana nan a hannun zuriyar har yau, kusan shekara ɗari uku daga saukar kakansu.

Abin da muridi zai ɗauka

Na farko, watsewar jama’ar Allah ba ita ce ƙarshenta ba. Ɗan’uwan da ya ga zawiyarsu ta yi rauni, ko shehinsu ya rasu, ko fitina ta raba su da garinsu, ya tuna Kulumfardo. A wannan zamani ma mutane da yawa na ƙasar Barno da gaɓar tafkin Cadi sun bar gidajensu ba da son ransu ba, cikinsu akwai alarammomi da almajirai. Wanda ya sauke irin waɗannan baƙi ya kyautata musu, bai san irin alherin da Allah zai fitar daga tsatsonsu ba.

Na biyu, sanin nasaba abu ne mai kyau, domin da shi ake sada zumunci, ake sanin wanda za a yi wa addu’a. Ya kamata kowane gida ya zauna da tsofaffinsa tun suna raye, a rubuta sunayen kakanni, da garin da suka taso, da dalilin tasowarsu, da malaman da suka yi karatu a wurinsu. Tarihin gidan Malam ya tsira ne domin an sami masu riƙe shi a ka har ya kai ga masu rubutawa. Amma nasaba amana ce, ba abin alfahari ba. Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon da ake nufi ba rawani kaɗai ba ne. Wanda kakansa malami ne, shi kuma ya bar karatu, sunan ya gada, bai gaji mai sunan ba.

Na uku, salsala iri biyu ce, ta jini da ta tarbiyya. Ta jini ba a zaɓenta, kuma ba kowa ne yake da kaka sarki ba. Ta tarbiyya kuwa ƙofarta a buɗe take ga ɗan sarki da ɗan talaka, sharaɗinta gaskiya da ladabi da lazimtar abin da aka karɓa. Shehu Ahmad al-Yamani ba ɗan Barno ba ne, amma ta bakinsa ne mutanen Fas suka san Shehu Abdullahi.

Na huɗu, a duba abin da ya saura. Ganuwar Tanimun ta zube sai ɗan abin da ya rage, igwa ta zama kayan tarihi, ayarin Tarabulus ya daina zuwa tun farkon ƙarni na 20. Amma da asuba a lungunan Birni da Zango har yanzu ana jin muryar yara a kan allo, da yamma kuma ana jin masu zikiri a masallatai. Sana’ar da Malam ya shigo da ita ƙasar ita ce ba ta tsufa ba.

Allah ya jiƙan Malam da rahama, ya jiƙan Shehu Abdullahi al-Barnawi da shahidan Kulumfardo, ya gafarta wa sarakunan Damagaram da malamanta da talakawanta da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya zaunar da ƙasar Damagaram da Barno da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, ya sa na baya su gaji na gaba a ilimi da tsoron Allah, albarkar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.